Durƙuson China a Samaru

Shekarar da Mama ta yi yaji daga gidanta na Muchia ta tare a wurina a Samaru, ita ce shekarar da na zama tafinta ba tare da kowa ya ɗauke ni aiki ba. Tsohuwa mai jikoki da yaji, kuma a kan mangwaro. Yayana, wanda ke sayar da kayan gyaran babur a Sabon Gari, shi ya sa aka sare bishiyar da marigayi Baba ya dasa a tsakar gida, don ya kafa tankin ruwa. Ya kuma zaɓi ranar da Mama ta tafi taron zumuntar mata. Ta dawo ta tarar da kututture. Ba ta yi faɗa ba, ta ɗaure zannuwanta ta hau keke napep ta sauka a ƙofata. Wata bakwai ba ta amsa gaisuwarsa ba, ko a waya. Abin ya tsaya mini a rai, domin mu biyu kaɗai ta haifa, shekaru kuma sun ja, ina tsoron ta bar duniya da wannan fushin.

Ni malamar firamare ce, kuma cutata ɗaya: wasannin talabijin na China da Japan da Koriya. Da farko Mama gefe take zama tana ɓarar gyaɗa, tana cewa duk kamarsu ɗaya. Ba a yi sati biyu ba ta fara tambayata ina matar nan mai jan baki ta shiga. Tun da ba ta iya bin Turancin da ke gudu a ƙasan allo, ni ce mai juya mata da Hausa.

Nan da nan ta zama alƙaliya, kuma da tarbiyya take auna kowace ƙasa. Mutanen Japan, in ji ta, sun iya sunkuyawa amma ba su iya gaisuwa ba: mutum ya lanƙwashe kamar lauje, bai tambayi gida ba, bai tambayi gajiya ba, sannan ya je ya ci abinci shi kaɗai yana kallon bango. Ga rowar labari, kashi goma sun tashi. Na Koriya sun fi ciyar da baƙo, amma kuka ya yi musu yawa, kuma ba ta ga dalilin da ƙato da lema a hannu zai tsaya ruwa yana dukansa ba. Samarinsu kuwa ta ce ko gatari ba za su iya ɗagawa ba. Na China su ne nata. Ta yarda cewa in an ba ka shayi a gidan sarautarsu gara ka ce kana azumi don gudun guba, kuma kashi sittin ba ta ga wanda ya je gona ba. Amma sun san girman na gaba. Yaro yakan zube ya kai goshi ƙasa kafin ya buɗe baki.

A nan ne dabara ta zo mini. Tun da magana ta bakina take bi, me zai hana in ɗan ƙara mata gishiri? Sai na fara cusa wa mutanen China nasiha. Sarauniya ta buɗe baki, in ce ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Janar zai hau doki, in ce ya ce fushin uwa bai kamata ya kwana ba. Har wani mai sayar da taliya a bakin hanya, wanda farashi kawai ya faɗa, sai da na sa ya yi wa'azin gafara. Mama takan ce “uhm” ta ci gaba da ɓararta, ni kuwa ina ganin magani yana shiga.

Wata rana muka zo inda wani ɗan sarki ya durƙusa a ƙofar uwarsa kwana uku, ruwa na zuba a kansa. Mama ta ajiye tiren gyaɗa, ta ce ga ɗan da aka haifa. Washegari daga makaranta ban zarce gida ba, na wuce Sabon Gari. Na sami Yaya a shago na tsara masa komai: ya zo ranar Asabar da yamma, ya durƙusa a ƙofa, kada ya ce uffan, kada ya tashi sai ta fito. Ya ce shi da tumbinsa da furfurarsa? Na ce ɗan sarki ma ya yi, balle mai sayar da taya.

Ya zo kuwa, cikin shaddarsa ta zuwa coci. Ya zube a kan simintin baranda. Ruwan sama bai zo ba, sai rana da ɗaliban da ke haya a gidan, waɗanda suka fito ɗaya bayan ɗaya wai shanya za su kwashe. Wata ta tambaye ni a hankali ko addu'ar kora aljanu ake yi. Yaya yana gumi, yana canza gwiwa, yana hararata. Mama ta ɗaga labule ta dube shi sau ɗaya, ta saki. Da aka yi kusan rabin awa ta kira ni ciki.

“Ke kika sa shi?”

Na ce ai na ga abin ya burge ta ne.

“Ni 'yar China ce? Yaron nan ba shi da kawu? A gidan wa kika taɓa ganin ɗa ya ɓata wa uwarsa rai ya zo da ƙafarsa shi kaɗai? Babba ake turowa, a zauna, a faɗi laifin da sunansa. Wata bakwai ina jiran sallamar ƙanena, kun kawo mini wasan kwaikwayo.”

Kunya ta rufe ni. Ni da na san yadda ake ba sarauniya haƙuri a fadar da ban taɓa gani ba, na manta da Kawu da ke nan Jushi, kuɗin keke ɗaya.

Ba ta gama da ni ba. Ta ce tun ranar da wata tsohuwa ta wurga wa ɗanta kofi, ni kuma na ce albarka ta sa masa, ta san tafintarta ta fara sata. Ta yi shiru ne don ta ga iyakar gudun ruwana. Ta ce idonta ne ya yi rauni, ba hankalinta ba, kuma abin da ya fi mata ciwo a wurinmu duka biyu shi ne mun fara yanke mata abu ba mu tambaye ta ba.

Na juya zan fita in sallami Yaya, ta tsayar da ni. Muryarta ta sauka.

“Ki ce masa ya je ya ga kawunku gobe bayan sujada. Kuma ya tashi daga simintin nan. Gwiwarsa ta hagu tun yana aji uku take masa ciwo, ke ba ki sani ba.”

Na fita na kama shi ya miƙe da ƙyar. Da na faɗa masa saƙon, bai tambayi maganar Kawu ba, sai ya ce in maimaita masa na biyun, na gwiwar.