Ludayin 'Yardada

Ƙanwata Bahijja a Yakasai ta tashi, a gindin tukwanen innarmu 'Yardada mai koko, wadda ba ta yarda ludayin wata tukunya ya shiga wata.

Yau Bahijja a kudu take, tana gwada jatan landen kiwo, tana gano ƙwayar halittar bairos tun cutar ba ta bayyana ba. 'Yan unguwa na dariya, wai likitar jatan lande. Su yi ta yi!

Bara abokan aikinta suka ce tafkunan wata gona duk sun kamu, a kashe komai. Bahijja ta sake gwajin, kowane tafki da sabon bututun ɗibarsa. Ashe ɗaya ne kacal ya kamu.

Da Inna ta ji, sai ta ce, "Au, da can da ludayi ɗaya suke ɗiba?"