Hoton da Malam Nasiru Ya Sa Na Goge

Ina tsaka da kunce kyamara bayan sallar la'asar matarsa Hajiya ta kira ni: Malam Nasiru ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Duniya ta san shi a talabijin, yana karanta labarai ko yana aiko da rahoto daga ƙasashen da ake yaƙi. Ni kuwa mai ɗaukar masa hoto ne shekara da shekaru, kuma na sha faɗa da shi, don ni mutum ne mai gaggawa, shi kuwa sai ya gaisa da kowa kafin mu fara aiki. Yakan ce, "Wanda ba ka gaishe shi ba, kada ka tambaye shi."

Shekarar da ruwa ya ci ƙauyukan Goronyo, yankinsu, aka turo mu. Muka tarar da wani dattijo zaune kan rusasshen rumbunsa, ba riga, ya ɗaura zanen matarsa, yana hawaye. Nan take na ɗauki hotonsa, na tura wa ofis samfuri. Suka ce da shi za a buɗe labarai.

Dattijon ya dubi kyamarar ya ce, "Ɗana, wanga abu har Rabah aka ganinai? Surukaina na can."

Malam Nasiru ya durƙusa ya ce, "Baba, ba mai ganin komi sai abin da kay yarda." Sannan ya juyo gare ni: "Goge."

Raina ya ɓaci, don ban taɓa samun hoto irinsa ba. Na ce ofis na jira. Ya ce, "Labari gobe ya wuce. Shi kuwa cikin garin nan zai ci gaba da zama."

Na goge, ya kira ofis ya hana su amfani da samfurin. Ya tuɓe rigarsa da hularsa ya sa wa dattijon, aka yi hirar yana tsaye kamar kowane magidanci. Shi kuma Malam Nasiru ya karɓe tawa rigar, wadda ta matse shi ƙwarai, ya fuskanci duniya a haka. Ofis suka yi ta faɗa, shi kuwa ya ci gaba da aikinsa.

Na yi kewarsa matuƙa, har da wannan jinkirin nasa da ke ƙona mini rai.

Allah Ya ba Hajiya da yara haƙuri, Ya tsaya musu. Ya Allah, bawanKa Nasiru ya rufa wa wani asiri ranar da ba wanda zai tilasta shi. Ka rufa masa nasa, Ka gafarta masa. Amin.