Matar Tsamiya a Kayen Ƙawata

Ina da shekara goma sha huɗu, ina aji na uku a kolej a Dogon Dutsi, malaminmu na Faransanci ya kawo kwali biyu na littattafai ya zube a wani ɗan ɗaki kusa da ofishin darakta. Tsofaffi ne, wasu ko bango babu. Duka labaran yara ne sa'o'inmu: marayu masu jin maganar dabbobi, dazuzzuka masu ƙanƙara, macizai masu fukafukai, da yarinyar da za ta girma a tsakiyar wannan tashin hankali ta ceci garinsu. Ni da ƙawata da muke zama benci ɗaya muka dukufa a kansu har muka manta da wasa.

Ƙawar tawa doguwa ce, ba ta da yawan magana. Iyayenta suna wani ƙauye wajen Lugu, ita kuwa tana zaune a gidan yayanta, ɗan kasuwa mai sayar da kayan babur, wanda ba ya rasa wa'azi. Kakarsu ma tana gidan saboda ciwon ido. An ce da can ƴar bori ce, amma a gidan nan ba mai ta da zancen.

Wata rana ƙawata ta mayar da littafi na tara da ta karanta, ta taɓe baki.

"Mutanen nan ba su san tsoro ba," in ji ta. "Dodonsu sai duhu ya yi yake hita. Namu da rana tsaka suke tahiya."

Washegari ta zo da sabon kaye, wato littafin rubutu na makaranta, ta fara nata labarin da Hausa. Wata yarinya ce ta dawo daga rijiya da rana tsaka, ta tarar da wata mata doguwa zaune a gindin tsamiya, matar ta roƙe ta ruwa. Ta ba ta. Daga ranar yarinyar ta fara ganin abin da sauran mutane ba sa gani. Da aka sare tsamiyar don a yi gini, matar ta rasa gida, ta biyo yarinyar har ɗakin uwarta. Ni ce nake fara karanta kowane babi, sannan kayen ya zaga ƴan matan ajinmu, ana miƙa shi ta ƙarƙashin tebur. Ban taɓa karanta abin da ya kama ni haka ba, don rijiyar tamu ce, zafin ranar namu ne.

Wata Lahadi da hantsi, yayanta ya fita, muka karanta wa kakar. Tana tsinke zogale a faifai tana murmushi, har aka zo wurin da matar ta faɗi sunanta. Hannun tsohuwar ya tsaya.

"Wa ya ba ki wanga suna?"

"Ke ce, Kaka. Ina ƙarama."

"Na hwaɗa miki da baki, sau guda. Ke kin aza shi bisa takarda, duk wanda ya buɗe ya kira ta. Goge shi."

Ƙawata ta ce to, amma ba ta goge ba. A hanya ta ce mini labari ne kawai, kuma wani suna ba zai yi daɗi ba.

Da bazara ta kankama, muna tsakiyar darasin lissafi, wata yarinya a benci na gaba ta miƙe tsaye, ta ƙwalla ihu, ta faɗi tana birgima tana magana da wata murya mai kauri da ba tata ba. Cikin kwana goma, wasu uku suka faɗi. Ma'aikaciyar asibiti ta ce zafi ne da yunwa da firgici. Iyaye suka kawo malamai suka yi karatu a ajin. Sai wata ta tsegunta cewa akwai littafin iskoki da ke yawo.

A jakata mai kula da ɗa'ar ɗalibai ya same shi. Ya ɗaga shi sama a gaban aji ya tambaye ni wa ya rubuta. Ba a doke ni ba, ba a ko tsawata mini ba. Na juya na nuna ƙawata da yatsa.

Aka kira yayanta. Ina tsaye a bakin ofis na ga ya karanta shafi biyu. Bai yi faɗa ba. Ya dube ta ya ce, "Don in raba ki da wanga abu na ɗauko ki daga ƙauye." Kwana biyu bayan haka ya mayar da ita wajen iyayenta. Ba ta zo mini sallama ba, ni ma kunya ta hana ni zuwa. Babu wadda ta sake faɗuwa. Kayen kuwa ban san inda ya ƙare ba.

Shekara kusan ashirin ban gan ta ba. Bara, ran kasuwar Kore Mairuwa, na tsaya sayen gyaɗa, mai awon ta ɗago kai, sai ga ta. Muka rungume juna. Ta shimfiɗa mini buhu na zauna, muka yi zancen ƴaƴa da damina. Da na sami zuciya na ce ta yafe mini.

"Ke ƙawa, ban taɓa riƙe ki ba," ta ce. "Murna ma na yi da aka ɗauke ni."

Na tambaye ta dalili. Ta share bakin tiyar awo da yatsa.

"Kwana ukku kahin yarinya ta hwarko ta hwaɗi, na buɗe kayen in ci gaba, na iske rubutu a shahi na ƙarshe. Hannuna ne, amma wallahi ban tuna sa'ad da na yi shi ba. Sunayen ƴan ajinmu ne guda biyar, a jere. Na yage takardar na ɓoye. Yadda suke a jere, haka huɗu sunka hwaɗi."

"Ta biyar fa?"

Ta dube ni, na gane sunana ne na biyar. Wata mata ta zo sayen gyaɗa, ta juya ta auna mata.

A cikin mota ina komawa gida na yi ta neman bayani. Na ce wa kaina wataƙila jerin masu jiran aron kayen ne ta rubuta ta manta, kuma waɗanda suka fi ɗokin labarin su ne suka fi firgita. Bayanin ya kwantar mini da hankali har muka wuce ƙauye biyu. Sannan na tuna ni ban taɓa shiga layin aro ba.