Likitan Tabki

Ku matso kusa, ku aje wayoyin nan, ku ba ni kunnuwanku. Wagga ba tatsuniya ba ce, Gizo ba shi da hannu ciki. Labarin yayana ne, Yaya Mamman, wanda Illela ta sani da Likitan Tabki, ko da yake bai taɓa riƙe allura ba sai ta ɗinkin buhu.

Kun san tabkin bayan gari, wanda kan cika da damina har ya lashi gonaki, ya janye da rani ya bar wa masu albasa laka. To, Yaya ba ya karya kumallo sai ya gaishe shi. Daga masallacin asuba sai bakin ruwa. Ya yi sallama, ya tsuguna, ya ɗebo da ƙoƙo, ya duba, ya sansana, ya kurɓa, ya tofar. Wai tun yana makarantar allo ya ji malam ya ce da abu uku ake gane ruwa: launi, wari, ɗanɗano. Sauran yara suka ji suka wuce gaba. Shi nan karatunsa ya tsaya, ya kuma ishe shi har tsufa.

"Yaya, an tashi lahiya?"

"Ni lahiya lau. Tabki ne ya kwana da ciwon ciki. Wani ya wanke jaki ta gabas."

A je a bincika, jaki ne, ta gabas ne kuma.

Ɗakinsa kuwa kwalabe ne jere, kowace da ruwan wata guda, an ɗaure wuyanta da zare: baƙi na damina, fari na rani. Bai iya rubutu ba, zaren ne littafinsa. Rannan ruwa ya yanke wa matarsa, Inna Tumba, tana tsakiyar tuƙi, ta juye kwalba biyu cikin tukunya. Ya kai loma ɗaya ya tsaya.

"Tumba, wanga tuwo da ruwan azumin bara aka tuƙa shi."

"To mi ya same shi? Ya yi tsami?"

"Bai yi ba. Amma kin dafa mini shaida."

Ya cinye tuwon tas, ya suɗe kwano, wai kada shaidar ta fita gida.

Wata shekara ma'aikatan ruwa suka zo daga Sakkwato da akwatin awo. Ya tsaya kansu, hannu a baya. Suka ce sai bayan sati biyu sakamako zai fito.

"Sati biyu? Mu da shanu mu ɗauki azumi ke nan?"

Ya kurɓa, ya ce kanwa ce ta ɗan ƙaru. Da takarda ta zo aka karanta masa, kanwar ce. Ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Yaran suna da ƙoƙari. In sun dage za su iya."

Sai shekarar da rijiyarmu ta ƙafe, famfon unguwa ya lalace, matar ɗan farina ta haihu. Kun san ba ni kama sunansa, mu ce mai albasa. Ranar suna surukai za su ƙetaro daga Ƙonni, mota biyu. Na sa aka cika mini randa huɗu daga tabki tun da sassafe. An kirɓa gero, nono ya iso, saura damu. Na fito tsakar gida, sai ga Yaya zaune bisa murfin babbar randa, ya gicciya sandarsa kan sauran ukun.

"Yaya, mi ne ne haka?"

"Ba a sha."

"Ka ji wani abu a bakinka?"

"Ban ji komi ba. Launi daidai, wari daidai, ɗanɗano daidai."

"To sauka mana!"

"Kwaɗi ba su amsa sallama ba, Hajo. Kullum in na yi sallama sai su yi tsalle su faɗa ruwa. Yau ko ɗaya."

Jama'a! Baƙon da ya ƙetaro iyaka cikin zafin bazara, ka ce masa babu ruwa saboda kwaɗo? Na roƙe shi, na yi kuka, na tuna masa nonon da muka sha. Kamar da randar nake magana.

Mai albasa ya zo da sabuwar rigarsa. "Kawu, ai kai ka ce abu uku ne. Ukun sun cika, ruwa ya halatta."

"Ya halatta ga alwala. Ban ce ya halatta ga hanji ba." Ya dube shi sama da ƙasa. "Jiya ina ka wanke tankinka na feshin maganin ƙwari?"

Mai albasa ya sosa ƙeya.

"A tabki, Kawu. Ni da maƙwabtan gona. Ai ruwa mai yawa ba ya ɗaukar dauɗa."

"Awo. Tahi ka faɗa wa kwaɗi."

Surukai suka zauna rumfa, maƙogwaro a bushe, har rana ta take tsaka. Uwar mai jego ta ce cikin mayafi, yadda zan ji, "Ashe Illela ba a tarbar baƙo da ruwa." Na haɗiye ta ba mahaɗi. Wanda ya fid da ni Ardo Buba ne, Bafulatanin da Yaya ya tare a bakin tabki da safe ya ce ya juya shanunsa, ya kuwa juya bai tambayi dalili ba. Shi ya aiko mana jakai da ruwan rijiyar rugarsu. Aka dama hura bayan azahar, aka sha ba mai kallon wani.

Da la'asar masu dawowa daga gona suka kawo labari: kifaye sun taso, ciki sama, daidai gaɓar da aka ɗebo mini ruwa. Uwar mai jego ta dubi ƙwaryar hannunta, ta dubi jikokin da ta zo da su, ta dubi randunan nan huɗu. Ta ce a kai wa tsohon nan cinyar rago. Aka kai. Ya ce, "Da wane ruwa aka wanke ta?"

Mai albasa ya haƙa rami can cikin gona don wankin tanki, yau shi ke korar masu wankewa a tabki. Ardo Buba ya yi gabas da shanunsa, ba wadda ta faɗi. Uwar mai jego har ta rasu ba ta sake sa baki a ruwan gidana ba sai ta tambaya ko an nuna wa Kawu. Inna Tumba na nan, kwalaben na nan, ba ta yarda a taɓa ko ɗaya. Jaririyar kuwa ga ta can, ita ce ba ta aje wayar ba har yanzu.

Yaya da damina ya tahi, tabki cike. Da jiki ya yi nauyi na ɗiga masa ruwa a baki. Ya juya harshe, ya ce, "Na rijiyar masallaci ne. An sake guga." Sannan ya yi kalmar shahada.

Allah ya jiƙan Yaya Mamman, ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya tsare mana cikin yara. Allah ya shayar da shi ruwan Alkausara. Na san sai ya sansana tukuna. Ya Rabbi, ka yi masa haƙuri, halinsa ne.