Ƙwarƙwata Arba'in da Uku

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, "ke" kawai. A Hunkuyi kowa ya san wannan kunya ce, amma yarinya ba ta gane kunya, abin da take gani shi ne wa aka ɗora a cinya.

Ƙanwata ake ɗorawa. A shekarun nan na soja da komai ya yi tsada, Inna ba ta zama, daga suyar ƙuli-ƙuli sai surfe. Abu ɗaya ke zaunar da ita, ƙwarƙwatar kan ƙanwata. Za ta tsefe mata kitso, ta shafa kananzir da man gyaɗa, ta kwantar da kanta a cinya, tana bi da matsefi. Duk wadda ta kamo sai ta murƙushe ta a farce, ƙas, ta ƙirga da ƙarfi. Ni ce mai riƙe murfin kwanon da ake zubawa.

Wata Asabar aka samu arba'in da uku. Inna ta yi dariya ta ce mata, "Farin jininki har ƙwarƙwata ta san da shi."

Da aka zo kaina, a tsaye ta duba. Ta ɗaga kitso biyu, ta samu guda ɗaya, ta ce in je in ɗebo ruwa. Guda ɗaya tak. Na ji haushi har ranar ban ci tuwo ba. Na ce wato baƙin jinina ya kai ko ƙwarƙwata ba ta so na.

Daga nan na riƙa ɗaura ɗankwalin ƙanwata, ina manna kaina da nata in mun kwanta. Da damina ta yi nisa kaina ya fara ƙaiƙayi, na dinga susa a gaban Inna da hannu biyu, ina murna.

Sai dai lokacin kananzir ya ɓace, ko na fitila ba mu da shi. Inna ta buɗa gashina, ta yi salati, ta aika a sayo reza. A kan turmi ta zaunar da ni, tana tsaye a bayana, kafin ruwan tuwo ya tafasa ta gama aske ni tas. Ta share gashin ta zuba a murhu.

Na ce, "Inna, nawa ne?"

Ta ce, "Ke, wa ya tsaya ƙirgawa?"