Mai Tukunyar Miya a Tashar Huancayo

Kowace Laraba Eusebio mai sayar da kofi yana ganinta a tashar motar garin Huancayo, dattijuwa gajeriya mai kitso biyu, rungume da tukunyar miya. Daga baƙin mayafinta irin na masu makoki yake zaton ta san rashi.

Yau ya tanka mata: "Mama, kofi?"

"Mu 'yan Mormon ba ma sha, ɗana. Ziyara za ni. Wata 'yar cocinmu ta rasa miji, watanni uku ba ta buɗe ƙofa, sai dai in ajiye mata miyar a waje."

"Kuma kina komawa?"

Ta yi dariya har idanunta na rufewa. "Haƙuri take koya mini! Makon jiya ma ta leƙo ta taga, ta ce gishiri ya yi yawa."