Kwalayen Ashanar Baba

Mahaifinmu ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki da kamfanin haƙar rijiyar burtsatse. Shi ne mai tsayawa a bakin rami yana tarar abin da injin ke fesowa, ya murza a tafin hannu, ya faɗa wa masu aiki ko an kusa ruwa ko da saura. A nan ya kamu da ciwon tara duwatsu. Ciwo muke ce masa a gida, har da ni babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata.

Duk tafiyar da ya yi sai ya dawo da wani abu a aljihu. Wani fari ne tas kamar ƙanƙara, wani shunayya, wani ruwan zuma, wani kuwa ko a hanya ka gan shi ba za ka sunkuya ba. Yana da tsarinsa da ba ya sauyawa. Kowane dutse kwalin ashanarsa daban, a shimfiɗa masa auduga, sannan a ninke 'yar takarda gida huɗu a cusa a gefe. A takardar yake rubuta wurin da ya samo shi, da ranar, da zurfin ƙafa nawa, da wanda ke tare da shi. Baba ko sigari bai taɓa riƙewa ba, amma duk layinmu an san ba a yar da kwalin ashana, nasa ne. Kwalayen sun haura ɗari biyu, suna cikin tsofaffin akwatunan ƙarfe uku a ƙarƙashin gadonsa.

Gaskiya babu wanda ya gane masa. Amininsa Tela, mai shago a bakin layi, tambayarsa ɗaya ce tun ina yarinya. Baba zai ɗora masa dutse a hannu, ya ba shi ɗan madubinsa mai ƙara girman abu, ya yi ta bayanin yadda ya fito da kusurwa shida ba tare da wani ya sassaƙa shi ba. Tela zai yi ta gyaɗa kai kamar yana fahimta, in an gama ya ce to yanzu wannan nawa zai yi. Baffanmu kuwa ya haƙiƙance dukiya ce ake ɓoyewa, har yau bai yarda ba haka ba ne. Mama, Allah ya jiƙanta, ba ta iya bambanta ɗaya da ɗaya, ita dai ƙorafinta aljihunan da ke yagewa. Da ta gaji da mita sai ta koma ninka masa aljihun kowace riga tun tana sabuwa. Shekara shida ke nan da rasuwarta.

Ni a kantin magani nake aiki, kuma ba na iya zama da hargitsi. In na ga abu ba a muhallinsa ba, jikina har ƙaiƙayi yake yi. Ɗakin Baba ya daɗe yana tsone mini ido.

Bara yanar ido ta rufe masa gani, aka ce sai an yi aiki. Bayan aikin ya zauna kwana goma a gidan ƙanena, don ya fi kusa da asibiti. Ranar da na je duba shi, na tarar da shi zaune da bandeji a fuska, yatsunsa suna ta murza gefen zanin gado kamar akwai wani abu a ciki. Tausayinsa ya kama ni, kunya kuma ta biyo baya. Na tuna sau nawa ya fara yi mini bayanin wani dutse na ce ina da abu a wuta. Kafin in iso gida na yanke shawara: idon nan in ya buɗe, zai buɗe ne a kan abin da zai nuna masa mun damu.

Na sayi kabad mai gilashi, har da 'yar fitila a ciki. Na yi kwana uku ina karatun duwatsu a waya, har na koyi cewa in ka leƙa ka ga 'yan kumfa a ciki, to kwalba ce kawai. Daga nan na fara jin kaina masaniya. Na kira Auta, ƙanwarmu ta ƙarshe, muka jawo akwatunan, muka zazzage kwalayen kaf a kan faranti. Muka wanke duwatsun da tsohon buroshin haƙori, muka jera su launi-launi, farare a sama, koraye a tsakiya, masu duhu a ƙasa. Takardun kuwa ban zubar ba, sakarcina bai kai nan ba. Na warware su ɗaya bayan ɗaya, na danne su da littafi suka miƙe, na jera su bisa kwanan wata, na zuba a babban ambulan. Kwalayen ne muka tattara muka kai bola.

Cikin korayen akwai wani ɗan gutsure mai santsi. Na ɗora madubin Baba a kai, sai ga kumfa reras. Na nuna wa Auta, na ce ga shi nan an cuci Baba, wani ya haɗa shi da fasasshiyar kwalba. Na ce gara mu kawar da shi kafin idonsa ya washe ya gani ya ji kunya. Da hannuna na jefa shi cikin shara, ina jin na yi masa rufin asiri.

Ranar da ya dawo muka kai shi har gaban kabad, Auta ta kunna fitilar. Wallahi abin ya yi kyau, wannan kam ba zan janye ba. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya sa mana albarka, ya ce mun sha wahala. Sannan a hankali ya tambayi inda takardun suke. Na miƙa masa ambulan ina murmushi, har ina gaya masa na jera su bisa shekara.

Ya zauna a bakin gado, ya zaro ɗaya, ya riƙe ta, ya ɗaga kai ya dubi layin fararen.

"Fararen nan sun fi arba'in, Uwata," in ji shi. "Wanne ne na wannan?"

Sai a lokacin na gane abin da na aikata. Mu launi muke gani. Shi kuwa kowane dutse wuri ne da rana da mutanen da suka tsaya tare da shi a bakin rami, kuma takardar ce kaɗai ke riƙe da wannan. Na raba shekara talatin da ɗaya gida biyu, na sa rabi a gilashi, rabi a ambulan.

Na yi kuka, kuma don halina sai kukan ya juye faɗa. Na ce ai shi ma da laifinsa, me ya hana shi sa musu lamba kamar yadda kowa ke yi? Bai yi fushi ba, ɗan murmushi ya yi.

"Ban taɓa zaton wani zai buɗe ba," ya ce.

Wannan maganar ta fi zagi zafi, don gaskiya ce. Shekara da shekaru akwatunan nan ba kulle, babu ɗayanmu da ya taɓa ɗaga murfin.

Washegari na biyo layi gida-gida ina roƙon kwalin ashana, ana yi mini dariya wai ciwon gado ne. Muka kwashe duwatsun daga kabad muka mayar kan faranti, muka fara aiki. Likita ya hana shi karanta ƙananan rubutu, saboda haka ni ke karantawa. Kullum in na taso daga kanti da la'asar sai mu shimfiɗa tabarma, in ɗauko takarda in karanta, shi kuma ya bi duwatsun da yatsa yana juyawa, wani har ya ɗora a leɓe ya ji sanyinsa. In ya gane sai labari ya biyo. Na ji labarin ƙauyen da suka haƙa wuri uku ba ruwa, a na huɗu ya feso har ya jiƙa mai garin. Na ji na abokin aikinsa da bututu ya datse wa yatsu biyu. Mai ruwan zuman nan ashe ranar da aka haife ni ya same shi, yana can wani daji, bai ji labari ba sai bayan kwana biyar. Shekarata arba'in, ban taɓa sanin ba ya gida ranar ba.

Tela ya riƙa leƙowa yana taya mu hira. Har ya yi abin kirki sau ɗaya, ya tuna wani baƙi mai ƙyalli da Baba ya taɓa nuna masa shekarar da aka yi gobara a shagonsa. Da muka mayar da shi kwalinsa, ya gyara zama ya tambayi nawa zai yi.

Mako bakwai muka yi. Farare goma sha ɗaya sun gagara, Baba ya juya su har ya gaji, ya ce ba zai yi wa takarda ƙarya ba. Ya haɗa su da takardunsu a gwangwani ɗaya, ya ce su zauna gidan haya. Na ga abin ya ci masa rai, amma bai sake tayar da zancen ba.

Ranar ƙarshe faranti ya zama wayam, ambulan kuma da saura takarda ɗaya. Na ɗauka kuskuren lissafi ne. Na buɗe na fara karantawa da ƙarfi kamar kullum, kafin hankalina ya kai ga abin da bakina ke faɗa. Babu sunan ƙauye, babu zurfin ƙafa. Abin da ya rubuta shi ne: "Kore. Maman yara ce ta tsinto a bakin titi tana dawowa daga kasuwa, ta ƙullo shi a bakin mayafi. Ta ce ko irin nawa ne. Na ce mata irinsa ne."

Baba ya miƙa hannu yana laluben farantin, ko ya maƙale a gefe. Da zan iya yin shiru da na yi, amma ba zan bar shi yana lalube ba. Na gaya masa komai, har da kumfar, har da dalilina. Na ce na ɗauka cutarsa aka yi.

"Ai na sani, gindin kwalbar lemo ne," ya ce. "Tun tana kwance ƙullin na gani." Ya janye hannunsa daga farantin. "Sau ɗaya ta taɓa kawo mini."

Na yi ta ba shi haƙuri ina kuka. Ya ce in bar kuka, niyyata mai kyau ce, kuma da ban yi ɓarnar nan ba da har ya mutu ban zauna na saurare shi ba. Na san lallashina yake yi. Ya ce in miƙo masa kwali. Ya yagi auduga ya shimfiɗa a ciki kamar yadda ya saba, ya ninke takardar gida huɗu ya cusa a gefe, ya rufe. Ya tashi da kansa ya ajiye shi a layin sama na kabad ɗin, kusa da fitila.

Yanzu duwatsun suna cikin gilashi, kowanne a buɗaɗɗen kwalinsa da takardarsa, na kuma sa musu lamba bai hana ni ba. Kwali ɗaya ne a rufe. Baƙi sukan tambaya me ke ciki, Baba ya ce na Maman yara ne, ya ja wata hirar.

Ni kuwa tun daga lokacin tafiyata ta sauya, kaina a ƙasa nake yin ta. Tsakanin gida da kanti na ga korayen gutsattsarin kwalba sun fi a ƙirga, wasu har sun yi kama da shi sosai. Nakan tsaya in duba, wani lokacin in ɗauka in juya. Ban taɓa kai ko ɗaya gida ba.